Ƙanwar Wuƙar Babana

Tun da na dawo daga ƙasar Gwaram ban huta da tambaya ba. Duk wanda ya leƙo shagon ɗinkina, ko bai kawo yadi ba, sai ya ce, "Malam Sale, ina wuƙar?" Ɗanlami mai shayi, wanda rumfarsa ke jikin shagona, shi ya fi kowa naci, har ya laƙaba mini suna Neman Ƙiba. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu ina taka keke allura tana karyewa, shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya. Wanda ya sake tambayata, takarda zan miƙa masa.

Ga wanda bai san ni ba, ni tela ne a Birnin Kudu, kuma ina da wata cuta da ba a sayar da maganinta a kemis, wato tara wuƙaƙen aljihu, masu ninkewar nan. Wani tattabaru yake kiwo, wani ƙwallo yake bi har ya ƙi cin tuwo in an ci su, ni kuwa tawa ke nan. Ina da akwatin katako da na shimfiɗa wa ƙyallen karammiski, kowace wuƙa da gurbinta. In zan saya ba na kallon ƙyalli. Buɗe ta nake yi in kaɗa ta kusa da kunne, in na ji bakin yana rawa a jikin ƙota sai in ajiye. In ta tsallake wannan sai in ninke ta in shafa da yatsa, domin wuƙar da tsininta ke leƙowa bayan an rufe ta ba wuƙa ba ce, abokiyar gabar aljihu ce. Na ɗinke aljihunan mutane da yawa a garin nan, na san abin da nake faɗa.

A cikinsu duka babu kamar ta babana, Malam Buba, Allah ya jiƙansa. Ƙotarta ƙahon sa ne, baƙi da ratsin fari, ƙusa ɗaya ce ta riƙe ta kamar askar wanzamai, kuma tana da tauri, sai ka sa hannu biyu take buɗewa. Babana fataucin fatu ya yi a ƙauyukan Gwaram. Ya sha gaya mini cewa wani maƙeri amininsa, Tanko, a wajen Farin Dutse, shi ya ƙera su guda biyu daga ƙahonin sa ɗaya, ya ba shi ɗaya ya riƙe ɗaya. "Ƙanwarta tana wurin Tanko," haka yake cewa. Shi ya sa na bar gurbi babu komai kusa da ita a cikin akwatin, shekara da shekaru, kullum ina cewa zan je.

Ana cikin haka, ƙarshen daminar nan, wani mutumin Farin Dutse ya kawo ɗinki. Muna hira na tambaye shi gidan Tanko. Ya ce ai Tanko ya daɗe da rasuwa, ɗansa Iliya kuma ya koyi walda, yana shirin kwashe duk ƙarafan tsohuwar maƙera ya sayar wa 'yan gwangwan. Na ji kamar an zuba mini ruwan randa. 'Yan gwangwan ba su san tarihi ba, sikeli suka sani. In wuƙar ta shiga buhunsu, narka ta za a yi ta koma rodi.

Washegari na ɗaure wasu wuƙaƙena masu kyau a ƙyalle don musaya, na jefa ta babana a aljihu don shaida. Maiɗakina Binta tana tsaye tana kallona. Ta ce, "Mutum da jika a hanya, 'yarka Rabi ta kusa dawowa gida haihuwa, amma ka tasa wuƙa a gaba kamar mahauci." Na ce zuwa da kai ya fi aike. Ta ce Allah ya kiyaye hanya, da irin muryar da ta san na gane.

A tasha ɗan kamasho yana ta kiran "Gwaram saura mutum ɗaya." Na shiga na tarar ni ne na farko. Da motar ta cika, ta cika da gaske. Aka matse ni tsakanin wani dattijo mai buhun taki da wata baiwar Allah 'yar gidan makiyaya, ta ɗora ƙwaryar man shanu a cinya. Rana tana ɗagawa man yana saki, duk ramin da muka faɗa sai ta ce "Sannu, Malam," ni kuma in ce "Ba komai," alhali babbar rigata tana sha. Kafin mu yi nisa ina ƙamshi kamar tuwon biki.

Wajen iyakar ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram muka tarar da shinge. Jami'in da ke wurin ya yi mana sallama cikin ladabi, ya ce kowa ya buɗe kayansa. Da ya warware ƙyallena wuƙaƙe suka zubo a kan kujera, sai kowa ya zuba mini ido. Mai man shanu ta ja jikinta. Direba, wanda ɗazu muke hirar farashin mai da shi, ya ce shi dai a tasha ya ɗauke ni. Na fara bayani, amma yaya za ka gaya wa mutum mai bindiga cewa tara su kawai kake yi kana kallo? Dattijon mai taki ne ya cece ni. Ya ƙura mini ido ya ce, "Ranka ya daɗe, na san shi, telan bakin kasuwa ne. Shi ya ɗinka mini rigar Sallah hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Wannan ko yadi bai iya yankawa daidai ba, balle mutum."

Jami'in ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ɗauki mai ƙotar tagulla, wadda wani alhaji ya kawo mini tsaraba, ya fere karan rake da ita, ya yaba kaifinta, ya goge a wandonsa ya mayar mini. Tun da na mallake ta ba ta taɓa yanka komai ba sai ranar. Na ce na gode, amma raina ya sosu. Dattijon kuwa har muka isa Gwaram yana nuna wa mutane yadda hannun rigar ya sauko masa.

A Gwaram na ci dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara, na shiga wata motar. Da na sauka a Farin Dutse na tambayi wasu da ke zaune a gindin bishiya, suka ce na makara, jiya a-kori-kurar 'yan gwangwan ta fito daga ƙauyen su Iliya shaƙe da kaya, ta nufi Basirka. Ban tsaya shan ruwa ba na bi ta.

Wurin 'yan gwangwan na Basirka yana bayan kasuwa. Mai wurin wani ƙato ne, Gambo, yana zaune kusa da sikeli yana cin goro. Ya nuna mini tulin da leɓe ya ce in duba, in na ji ciwo ba ruwansa. Na tattare riga na shiga tono. Tsofaffin garemani, kwanon rufi, ƙafar keke, kan fitila. Can ƙasa na ci karo da uwar maƙerar Tanko, wadda ya yi rayuwarsa yana dukan ƙarfe a kanta, an jefar da ita kusa da fasasshen injin mota, ga masabarsa ga awartakinsa. Ban taɓa ganin mutumin ba, amma na ji baƙin ciki kamar na tarar da rigarsa a bola. Wuƙa dai babu. Na fito da tsatsa a kan man shanu, yatsa kuma yana jini.

Gambo ya tofar da goro ya ce, "Wai ƙaramar aba ce mai ƙaho?"

Na ce ita ce.

"To ba ta zo nan ba. Muna lodi wata tsohuwa ta fito ta zare ta daga cikin kaya ta soke a zani. Ta yi mana tas, ni da ɗanta. Na ce Inna ai ko awo ba za ta yi ba, ta ce ni ma in aka ɗora ni a sikeli ba zan yi awon hankali ba."

Ban tambaye shi dalilin da ya sa bai faɗa mini maganar tun farko ba. Murna ta hana.

Ɗan acaɓan da ya ɗauke ni zuwa ƙauyen magidanci ne, Malam Haruna, noma ne aikinsa, babur na rani ne da ranar kasuwa. Muka bar kwalta muka shiga tsakanin dawa da ta fi mu tsawo. Duk gonar da muka wuce sai ya gaya mini mai ita da abin da ya yi ba daidai ba. A bakin wani rafi ya ce in sauka. Na naɗe wando na shiga, laka ta kama takalmina na dama ta ƙi saki. Muka lalube, babu. Malam Haruna ya ce in kwantar da hankalina, rafin nan ba ya cin amana, da rani zai mayar. Haka na shiga ƙauyen mutane da takalmi ɗaya.

Abin da ya fara burge ni shi ne babu wanda ya tambaye ni abin da ya kawo ni. A Birnin Kudu yanzu, in ka buga ƙofa, daga ciki za a ce "Waye? Wa ake nema?" Can kuwa tabarma aka shimfiɗa, aka kawo ruwa, aka kawo fura da nono mai kauri wanda ludayi ke tsayawa a ciki. Aka yi ta gaisuwa har aka tambaye ni lafiyar dabbobina, ni da ko kaza ba ni da ita. Iliya ya fito, mutum mai sanyin magana, idanunsa sun yi ja saboda walda. Ya ba ni silifas ɗinsa. Sai da na cinye tuwon dawa da miyar ɗanyar kuɓewa na wanke hannu sannan ya ce, "To Malam, Allah ya sa lafiya."

Na gaya masa komai. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ni a wurina taka ce, tunda ɗan aminin Baba ne kai. Amma maganar nan wuƙa da nama suna hannun Inna. Matata ce ta haihu, kwana kaɗan da suna, wuƙar tana ƙarƙashin kan jaririn. Ka bari da safe ku gana."

Aka sauke ni a tsohuwar rumfar maƙera, wadda aka share babu komai sai ramin da uwar maƙera ta bari a ƙasa da ƙamshin gawayi. Sauron ƙauyen ma bai tambaye ni abin da ya kawo ni ba, ya dai karɓe ni hannu bibbiyu.

Da hantsi Inna Kande, matar marigayi Tanko, ta fito zaure. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce, ta rungumo jaririn a cikin zani, don ta ce inda ya je can wuƙar take zuwa. Na durƙusa na gaishe ta. Ta zaro wuƙar daga cikin tsumman yaron ta nuna mini daga nesa. Ita ce. Baƙin ƙaho da ratsin fari.

Mu a gari mun bar wannan al'ada ta ajiye ƙarfe a kan jariri. Binta ma tun haihuwarta ta biyu ta daina, ta ce camfi ne, addu'a ta isa. Na ɗan taɓo wa Inna maganar a hankali. Ta ce, "Yo wa ya ce wuƙa ce ke tsarewa? Allah ne mai tsarewa, ɗan nan. Amma haka muka tarar, kuma mai jego in ta san tana nan ta fi samun barci."

Na ce to zan jira a yi arba'in in dawo.

Ta yi murmushi. "In aka yi arba'in gidan Liman za ta, surukarsa ta kusa. Daga can sai rugar su Jibo. Wuƙar nan ba ta kwana a gida. Duk ɗan da ka gani a ƙauyen nan yana gudu, a kanta ya fara barci. Wuƙar girki tana yanka yaro in ya juya, wannan kuwa a rufe take, ko babba sai ya yi da gaske yake buɗe ta."

Na warware ƙyallena na baje mata su, na ce ta zaɓi wadda take so a madadi, ko duka ma. Ta miƙa wa Iliya jaririn, ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ashe ita ma tana da nata gwajin, kuma ba irin nawa ba ne. Ta buga mai tagullar a tabarma, ta buɗe da kanta. "Wannan mai rawar kai ce." Ta ɗauki wata mai sifirin, ta ɗan taɓa ta, ta rufe da ƙarfi saura kaɗan ta datse mata yatsa. "Wannan kuma mai cizo ce." Ta shinshina ta uku ta ce warin man keke take yi, zai sa wa yaro mura. Ta ture su gefe ta ce, "Kyawawa ne, ka mayar da su inda suke kwana."

Sai na sa hannu a aljihu na fito da ta babana, ba don musaya ba, don dai ta san ba ƙarya na yi ba. Inna ta karɓa ta juya ta, ta ɗora ta kusa da tata a tafin hannu. Ratsin farin ya haɗu kamar yadda yake a kan san da aka ciro ƙahonin.

"Kai ne babban ɗan Buba mai fatu?"

Na ce ni ne.

"To ai taka ce aka fara ƙerawa. Ina amarya a gidan nan ubanka ya zo, ya ce matarsa tana da tsohon ciki, 'ya'ya biyu sun koma kafin wannan, hankalinta ya ƙi kwanciya. Ya ce da Malam, maigidana, ya yi masa wuƙar da za a sa a kan jariri wadda ba za ta yanke shi ba. Malam bai taɓa yin mai ninkewa ba, askar wanzami ya aro ya yi ta kallo. Ya ɓata ƙarfe ya fi a ƙirga. Da ta yi kyau sai na ce ni ma a yi mini da ɗaya ƙahon." Ta dube ni sama da ƙasa, da man shanu da tsatsa da silifas ɗin aro. "Ashe ka rayu. Har ka yi furfura."

Babana bai taɓa gaya mini wannan ba, mahaifiyata kuma ta rasu ina ƙarami. Ni duk zatona da ita yake yanke igiyar fatu. Na ji daɗi, na kuma ji hawaye, ban ɓoye ba. Na tuna yadda nake shafa mata mai in kulle ta a akwati in hana kowa taɓawa, ita da aka yi don ta kwana a ƙarƙashin kan yaro.

Muna nan zaune aka yi sallama. Wani dogon mutum ne da sanda a kafaɗa, ƙafafunsa duk raɓa. Shi ne Jibo, daga rugar da Inna ta ambata. Ya tsuguna ya gaida kowa sannan ya ce, "Inna, abin ya zo da wuri. Maiɗakina ta sauka da asuba, mace aka samu. 'Yar ƙarama ce ƙwarai, uwar sai kuka take, ta ce a zo a karɓo."

Inna ta ce, "Barka, Allah ya raya. Amma ka ga wannan bai yi arba'in ba, ba na raba shi da ita."

Inna ba ta ma dube ni ba, ta dai buɗe tafin hannunta inda wuƙaƙen biyu suke, ta bar shi a buɗe. Ni da na tono tulin gwangwan na ba rafi takalmi don in cike gurbi ɗaya, ga shi ana neman in buɗe na biyu. Na yi tunanin akwatina, ba zan ɓoye ba. Sannan na ɗauki ta babana na miƙa wa Jibo da hannu biyu. Na ce, "Ka kai mata. An gwada ta, ga wanda aka gwada a kansa."

Ya karɓa ya sa a aljihun gaba ya dafe da hannu. Inna ta ce, "Aro ne, Sale. In ka tashi buƙata ka aiko, amma ka aiko da wuri, don akwai mutane a gabanka."

Suka cika mini buhu da gyaɗa, Jibo ya aiko da kwalbar man shanu, wannan karon mai murfi. Malam Haruna ya mayar da ni bakin titi, a rafin ma ya tsaya ya sake lalubawa don kara.

To, ga amsarku, Ɗanlami da sauran 'yan majalisa. Na tafi da ɗaya don in dawo da biyu, na dawo babu ko ɗaya, kuma ban yi nadama ba. Ku ci gaba da kirana Neman Ƙiba, na amsa. Iliya ya kira ni a waya kwanan baya ya ce 'yar Jibo tana shan nono sosai, uwar kuma tana barci.

Binta na fi jin tsoro. Ranar da na dawo na ba ta labarin tana tsince shinkafa, ina jiran ta ce ai ta faɗa. Ta ci gaba da tsincewa har na gama. Ta ɗaga kai ta dubi ƙofar ɗakin da aka share wa Rabi, ta mayar da ido kan farantin, ta ce, "Ni dai ka san ra'ayina a kan abin nan, addu'a ta isa." Ta tsince wani ɗan dutse ta jefar. "Amma ka gaya wa Innar watan da Rabi za ta haihu?"